Ina mutanen garin nan suka shiga?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani ƙanena da duk sanda muka yi waya tambayarsa ɗaya ce, wai Yaya daga gidanku ana hango dogayen benayen nan na Niyok? Na gaji da ce mishi a'a, to yau na samu hutu bari in zauna in rubuta mishi komai in huta, shi da duk mai irin tambayarsa. Garin da nake sunansa Girinsboro, a jihar Karolina ta Arewa, in ka ɗauki mota daga nan zuwa Niyok sai ka yi awa tara ko goma kana tuƙi.

Ni ɗan Maraɗi ne, sana'ata kafin in taho gwanjo ce, wandunan jins su ne kayana, ina iya shafa wando da hannu ido a rufe in gaya maka na asali ne ko jabu. Ƙarshen 2014 wani abokina ya ja ni muka cike cacar bizar nan ta Amurka, wallahi don ya ƙyale ni kawai na bi shi, sai ga shi a watan Mayu na 2015 sunana ya fito shi nashi bai fito ba, har yau in muka yi waya sai ya ce na ci mishi rabo. Aka yi ta kai da kawo Yamai, gwajin likita, ganawa a ofishin jakadanci, na sayar da rumfata da babur na haɗa kuɗin jirgi, watan Maris 2016 na tashi ta Kazablanka zuwa Niyok. Niyok ɗin ma filin jirginta kawai na gani, daga nan aka sa mu a wani ɗan ƙaramin jirgi.

Da muka kusa sauka na leƙa taga ina neman gari, ba abin da nake gani sai itatuwa, daji iya ganinka, can wani rufin gida can wani. Na ce a raina ƙila tsayawa za mu yi a wani ƙauye a sauke wasu kafin mu wuce. Ashe an zo. Ɗan garinmu da na sa adireshinsa a takarda shi ya zo ɗaukata, muna tafe a mota ina ta jiran mu shiga gari har ya tsaya ya kashe mota ya ce bismilla mun iso gida, na ce Alhaji to ina garin? Dariya ya yi har da buga sitiyari, ya ce ai tun ɗazu a tsakiyarsa muke.

Mutanen Girinsboro kusan dubu 300 ne a ƙidayar 2020, ita ce ta uku a jihar bayan Shalot da Rali, wato ba su fi mutanen Maraɗi yawa ba, sai dai an baza su cikin itatuwa kowa da motarsa kowa da ƙofarsa a rufe. A gida in ka fito ƙofar gida ka tsaya minti biyar sai ka gaisa da mutum goma, mai shayi, mai kabu-kabu, almajiri, 'yar talla. Nan na taɓa zama a bakin matakala tun bayan la'asar har magariba ina ƙirga masu wucewa da ƙafa, mutum uku na samu, biyu daga ciki kare suke ja. Shirun garin shi ya fara cin raina kafin sanyi ma. Ba kiran salla, ba kukan akuya, ba rediyon maƙwabci, sai ƙarar firij.

Abin da ya cece ni shi ne 'yan Nijar suna da yawa a garin, Zabarmawa da Hausawa, wasu tun kafin shekarar 2000 suke nan, wannan ya jawo wannan. Akwai kuma 'yan Sudan, 'yan Laberiya, 'yan Kwango, ga wasu mutanen tsaunukan Biyetnam da aka kawo su bayan yaƙi. Ranar Juma'a a masallaci sai ka ji Zabarmanci da Larabci da Hausa da Urdu duk a bakin ƙofa ɗaya wajen neman takalmi. Mu huɗu muke zaune a gida mai ɗaki biyu, tukunya ɗaya, kowa da ranar girkinsa, ni da ban taɓa dafa ko ruwan shayi ba a gidanmu sai ga ni ina tuƙa tuwon semo, na farko da na yi sai da cokali aka sha shi.

Aikina na farko a wani katafaren sito ne, ɗaukar kwali da jera kwali, daga yamma har tsakar dare. Garin yana kan mahaɗar manyan hanyoyi, I-40 da I-85 da I-73, shi ya sa sito da tirela suka yi yawa, tun zamanin jirgin ƙasa ma ake mishi laƙabi da garin ƙofa saboda layukan dogo da suka haɗu a cikinsa. Mafi ƙarancin albashi a doka dala 7.25 ne a awa, tun 2009 bai motsa ba, mu ana ba mu sama da haka kaɗan. In ka juya shi zuwa sefa sai ka ji kai ma Alhaji ne, in wata ya ƙare aka cire haraji, haya, wuta, waya, ka tura na gida, sai ka koma Malam.

Amma wahalar da ba na mantawa ita ce ta rashin mota. A garin nan mota ita ce ƙafa. Akwai bas, to amma kusan duk layukan sai sun koma tashar tsakiyar gari, tsohuwar tashar jirgin ƙasa, sannan ka sake wata, tafiyar minti goma sha biyar a mota sai ta ci maka sama da awa, in dare ya yi ko ranar Lahadi kuma in ta wuce ka sai ka jira awa guda cur. Wata rana aka riƙe mu a wurin aiki bas ta ƙarshe ta tafi, wanda yake rage mini hanya bai zo ba, na ji kunyar tada mutane da waya, na ce ai ni da nake taka ƙafa daga kasuwa har gida wannan me ne. Na kama bakin titi, wani wurin ba a ma yi hanyar masu ƙafa ba sai ciyawa da raɓa, motoci suna wuce ni kamar iska, sanyi yana shiga ta kunnena. Awa biyu da wani abu na yi. Da na iso Alhaji ya buɗe ƙofa ya dube ni ya yi mini faɗan da ko mahaifina bai taɓa yi mini ba, ya ce in ka mutu a bakin titi ni me zan gaya wa Innarka? Washegari ya fara koya mini mota a filin ajiye motoci na wani kanti. Sau biyu ina faɗuwa jarabawar farmi, wato lasisi in ji 'yan uwanmu na Najeriya, duk a kan allon tsayawa, ni ina rage gudu in leƙa in ga ba kowa in wuce, su kuma so suke taya ta tsaya cak ko da aljani ma ba ya hanyar.

Wani abin da ya ɗaure mini kai shi ne maganar bashi. A gida mutumin kirki shi ne wanda ba a bin sa ko dala. Nan da na tashi kama gidana ni kaɗai sai aka ce ba ni da tarihin bashi, wai ba a san ko ina biya ba tunda ban taɓa ci ba. Sai da na yi katin banki nake sayen mai da shi ina biya kafin wata ya cika don kada riba ta hau, a haka a haka aka san ni mutum ne.

Ranar da na ji garin ya ɗan zama nawa kuwa abin dariya ne. Ina tuƙi a titin Elm a tsakiyar gari sai na ga wani gini da sunan Wrangler, masu wandunan jins ɗin nan, na taka burki har na bayana ya yi mini oda. Ashe hedikwatarsu a nan take. Ashe garin nan shi ne gidan yadin jins, akwai wata tsohuwar masaƙa White Oak da aka buɗe a 1905, ita ta daɗe tana saƙa wa Levi's yadi, ƙarshen 2017 aka rufe ta ina garin. Shekara nawa ina ɗaga wandunan nan a kasuwa ina rantsuwa cewa ɗan Amurka ne na asali, ban san Allah zai kawo ni har inda aka haife su ba. Na ɗauki hoto na tura wa tsofaffin abokan rumfa, ɗaya ya ce to ka shiga ka ce su ba ka dila ɗaya mana.

Na koma gida 2018 aka ɗaura mini aure, takardun mai ɗakina suka ja sama da shekara biyu ga korona ta shiga tsakani, sai 2021 ta iso, shekarar da na karɓi takardar zama ɗan ƙasa. A lokacin na bar sito na koma tuƙin motar raba kaya. Da ciki ya tsufa sai maganar wankan jego ta taso, ita mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, komawa gida haihuwa kuma ba zai yiwu ba, sai Innata ta ce ita za ta zo. Matar da ko Yamai sau biyu ta taɓa zuwa. Allah ya taimaka aka ba ta bizar ziyara, muka haɗa ta da wani ɗan garinmu da zai dawo, ƙarshen Maris 2022 ta sauka, saura kwana kaɗan a kama azumi.

Kayanta kam a bar magana. Busasshen ganyen bedi, kanwa, kimba, kuka, daddawa, yaji, garin kunu, turaren wuta da ɗan kaskonsa. Kilishin da ta ɗauko mini ne kawai aka karɓe a filin jirgi don ba a shiga da nama, har ta koma tana yi wa wanda ya karɓa addu'ar Allah ya sa ya san darajar abin da ya ci. Da muka fito na buɗe mata mota sai ta shafa ƙofar ta dubi yatsanta ta ce kai ɗan nan, nan ma ana hazo? Lokacin ne itatuwan garin suke zubar da wani gari ruwan ɗorawa, kowace shekara ƙarshen Maris zuwa Afrilu sai ya lulluɓe motoci da matakala, kowa atishawa ido ja. Muna tafe tana kallon taga ba ta ce komai ba har muka kusa gida, sannan ta ce, wai ni ina mutanen garin nan suka shiga, ko rasuwa aka yi? Na ce Inna haka garin yake. Ta ce uhm.

Da azumi ya kai kwana goma aka sauka lafiya, namiji. Raɗin suna a falo muka yi shi bayan asuba da mutum bakwai ko takwas kowa yana duba agogo zai wuce aiki, ragon kuma kuɗi na tura aka yanka a Maraɗi, taron mata sai da aka jira bayan salla aka kama zaure ranar Asabar. Inna abin bai yi mata daɗi ba ko kaɗan, suna ba maroƙi ba wanzami, amma ta haɗiye. Inda ba ta yarda an taɓa ba shi ne wanka. Na nuna mata famfon ruwan zafi ta sa hannu ta ce wannan ai ruwan alwala ne, sai da na sayo babbar tukunya, safe da yamma tana tafasa ruwa da ganyen bedi a kan murhun lantarki, kuɗin wutar watan da na gani sai da na zauna.

Kwana na tara ina wurin aiki mai ɗakina ta kira ni murya na rawa, ina jin wata ƙara tana tsaga kunne a bayanta. Ashe Inna ce ta hura gawayi a kasko ta zuba turare ta rufe ƙofa da taga don mai jego ta turara jiki, na'urar hayaƙin da ke manne a silin ta kama ihu. Inna ta ɗauki angonta, haka take kiran jaririn, ta yi waje ba takalmi tana salati, ta ɗauka jiniyar yaƙi ce. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, wata dattijuwa baƙar fata da shekara guda muna gaisuwar ɗaga hannu kawai, ita ta hau da sandarta ta buɗe tagogi ta dinga kaɗa tawul a ƙarƙashin na'urar har ta yi shiru. Da na dawo na tarar da su biyun a falo, wannan ba Hausa wannan ba Turanci, dattijuwar tana riƙe da jariri Inna tana nuna mata yadda ake ɗaura goyo. Na roƙi Inna don girman Allah a daina gawayi a ɗaki, ba don ƙarar kaɗai ba, hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana kisa. Na sayo mata kasko na lantarki, ta ce ƙamshin bai kai ba, amma ta karɓa.

Daga ranar suka ƙulle. Inna ta soya ƙosai ta ce in kai mata, kwanon ya dawo da wake da kuɓewa da wani ganye mai faɗi da suke dafawa, da farko na tsaya don na san da naman alade suke sa shi, dattijuwar ta ce ta sani, ba ta sa komai ba sai albasa da mai. Inna ta buɗe kwano ta daɗe tana kallo, waken nan namu ne sak mai baƙin ido, kuɓewa ita ce dai, ga dankalin Hausa wanda jihar nan ta fi kowace jiha a Amurka nomansa. Ta ce tambaye ta a ina suka samo irin. Na tambaya, dattijuwar ta yi murmushi ta ce kakanninta ne suka zo da shi, daga wajenku. Da na fassara Inna ba ta ce komai ba, sai ta kama hannun matar ta riƙe.

Ita ce ta ce lalle in kai Inna gidan tarihin da ke titin Elm kafin ta koma. Kunya ta kama ni, shekara shida ina wuce ginin ban taɓa shiga ba. Tsohon kantin Woolworth ne, a cikinsa akwai dogon teburin cin abinci da kujeru masu juyawa a jere, a da baƙar fata zai iya sayayya a kantin amma ba shi da izinin zama a kujerun nan. Ranar 1 ga Fabrairu 1960 wasu samari huɗu 'yan ajin farko a jami'ar A&T, jami'ar baƙaƙen fata ta garin, suka sayi 'yan kayansu suka zo suka zauna suka ce a ba su kofi. Aka hana su, suka ƙi tashi har aka rufe kanti. Washegari suka dawo da wasu, kafin mako ya ƙare ɗalibai ɗaruruwa ne, abin ya bazu garuruwan kudu, sai 25 ga Yuli na shekarar kantin ya sauko ya fara ba kowa abinci. An mayar da ginin gidan tarihi a 2010, teburin yana nan inda yake.

Ina fassara wa Inna a hankali, da na ce 1960 ta ce shekarar da aka haife ni ke nan, shekarar da Diori ya karɓi ƙasa. Sai ta tsaya a kan abu ɗaya ta ƙi wucewa. Ta ce da kuɗinsu? Na ce da kuɗinsu Inna. Ta ce ba bara suka zo ba? Na ce a'a. Ta ce kuma abincin akwai, ba ƙarewa ya yi ba? Na ce akwai. Ta dubi kujerun nan ta dubi hoton yaran, ta ce yara ƙanana haka, uwayensu sun san sun fito? Na karanta mata sunayensu, Franklin McCain, Joseph McNeil, David Richmond da Ezell Blair, na ce wannan na ƙarshen daga baya ya musulunta ya koma Jibreel Khazan. Ta ce Allah sarki Jibrilu. A mota tana shiru har muka wuce jami'ar na nuna mata mutum-mutumin su huɗun a tsaye, sai ta ce in rage gudu. Ni kuma abin da yake raina daban, sau nawa na shiga gidan abinci a garin nan na ja kujera na zauna ina latsa waya, ban taɓa tambayar yadda aka yi kujerar ta samu ba.

Ta yi layya da mu a watan Yuli, muka je wata gona bayan gari inda ake sayar da raguna a yanka a wurin, ranar ce kawai na ga ta saki jiki sosai, ga kashin awaki ga ƙuda ga mutane suna ciniki da Zabarmanci, ta ce yawwa yau na ga gari. Bayan mako biyu ta tafi. Dattijuwar ƙasa ta rako ta har bakin mota suna ta magana kowa da harshensa, ban fassara ba don ba wanda ya nemi in fassara.

Kafin ta tafi tun watan Mayu ta shuka yakuwa a wasu bokitai uku a barandarmu, irin a ƙullin zaninta ya zo ban ma sani ba. Mun sha miyar ganyen har ta tafi, amma soɓon bai fito ba sai da rana ta fara gajarta wajen Oktoba, na ɗauki hoto na tura a WhatsApp ɗin ƙanena ya nuna mata. Ta aiko da murya tana cewa in bar shi ya ƙara nuna, kada in yi gaggawa. Na bi maganarta, wani dare sanyi ya sauka, da safe na tarar ganyen duk ya yi baƙi ya langaɓe. Abin da na tsinta bai fi cikin kofi biyu ba, na shanya shi a kan jarida a falo, mai ɗakina ta dafa, muka zuba a kwalba ɗaya na sauka na ƙwanƙwasa ƙofar ƙasa. Da na gaya wa Inna ta ce to baɗi ka shuka da wuri, kuma ka tambayi ƙawata wane wata sanyinsu yake faɗowa, kai ba ka san komai ba.